Hutu a Salaga: amsa ga mai neman sawun kakansa a Gwanja

Tambayar ta fito ne daga wani malamin makarantar sakandare a Kano. Ya ce tun yana yaro yake jin kakarsa tana ba da labarin mahaifinta, falke ne, ya yi Gwanja sau uku da jakuna, kuma a Salaga yake sauka. Yanzu yana da hutun mako biyu a watan Disamba, yana so ya je da mai ɗakinsa da yara biyu, ɗaya shekara 12, ɗaya 9. Abokansa sun ce masa ɓarnar kuɗi ce, babu komai a can. Shi ne yake tambaya: akwai abin gani kuwa? Ta ina ake bi, kuma kwana nawa ya kamata su yi?

Malam, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina karantar da tarihin fatauci, na kuma taka Salaga sau huɗu, biyu ni kaɗai, biyu da ɗalibai. Bari in fara da maganar abokanka, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. In abin gani shi ne badala irin ta Kano, ko ƙofar fada irin ta Zazzau, ko hasumiya irin ta masallacin Agadas, to ko ɗaya babu a Salaga. Garin karkara ne, hedikwatar Gonja ta Gabas (Gonja ita ce Gwanja a bakinmu) a yankin Savannah na ƙasar Ghana, mutanensa dubu ashirin da 'yan kai a ƙidayar 2010. Gidajen kwano, babura, awaki, tashar mota, manoman doya. Wanda ya sauka da rana tsaka ya ɗauki hoto ya juya, zai koma gida yana cewa an ci kuɗinsa. Da idona na ga haka: wani ɗalibina ya tsaya a tsakiyar tasha, jaka a kafaɗa, yana tambayata yaushe za mu isa kasuwar tarihin, alhali a kanta yake tsaye.

Salaga garin kunne ne da ƙafa. Abin da ya rage na girmanta yana cikin sunayen unguwanni, da bakin dattawa, da ramukan da ke cikin marmara a bayan gari. In za ka iya zama a kan benci awa biyu kana gaisawa ba ka duba agogo ba, to je ka, ba za ka yi nadama ba. Kai kuma da kake da kaka a cikin labarin, ai ba ɗan yawon buɗe ido ba ne kai, ɗan gida ne da ya daɗe bai zo ba.

Amma sai ka san labarin kafin ka isa, in ba haka ba ido ba zai gane abin da yake kallo ba.

Hanyar Gwanja tsohuwa ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, shi ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Salaga kanta daga baya ta yi suna, kuma dalilin ficenta goro ne, duk da cewa ko itacen goro ɗaya ba ya yi a can. Goro ɗan kurmi ne, a dazuzzukan Asante yake fita, ƙasar mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Jaki kuwa ba ya shiga kurmi ya fito lafiya, ƙudan tsando ke kashe shi. Ga shi kuma sarakunan Kumasi, da suka ci gabashin Gwanja da yaƙi a tsakiyar ƙarni na 18, ba sa barin fataken arewa su kutsa har inda goron yake, don kada ribar tsakiya ta kuɓuce musu. Saboda haka aka bukaci wani wuri a bakin daji, inda ɗan dakon Batone zai sauke kayan da ya ɗauko a ka, jakin Bahaushe ya ɗauka. Wurin nan shi ne Salaga. Abu biyu suka ƙara mata wuta a farkon ƙarni na 19. Jihadin Shehu na 1804 ya kafa daula mai faɗi inda giya ta zama abin kunya, goro ya zama abin baƙunta da biki da ɗaurin aure. Sannan Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi ta teku a 1807, Tonawa suka ƙara juya fuska arewa neman kasuwa.

Ka kwatanta tafiyar kakanka. Ayari kan tashi da rani, in ƙasa ta bushe koguna suka ja baya, mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai. Madugu uban tafiya, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba a gaba, uban dawaki a baya yana tattara masu rauni. Daga Kano a nufi Sakkwato ko Jega, a gangara Yawuri, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, inda 'yan fashi suka yi ƙaurin suna, a bi ta Nikki da Zugu a cikin Benin ta yau, a wuce Sansanne Mango a Togo, a sauko Yendi, sannan Salaga. Zuwa kawai kan ci wata biyu zuwa uku, a je a dawo kuwa mutum kan yi rabin shekara ko fiye ba a gida ba. Abin da suke kai wa: kanwa daga Barno, turkuɗi da baƙin saƙi na marinar Kura da Kano, jar fata, takalma, gabu, dabbobi. Abin da suke komowa da shi goro ne, a naɗe cikin ganye, ana kwance huhu a hanya ana tsince wanda ya fara lalacewa ana yayyafa ruwa. Manyan masu wannan sana'a Agalawa ne da Tokarawa da Kambarin Barebari. In kakarka ta taɓa ambaton ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, ka riƙe shi da kyau, zai yi maka amfani a can.

Faɗuwar garin kuma ba dare ɗaya ba ce, sau uku hanya tana kauce masa. Na farko a 1874, da sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Mutanen Gwanja suka ga dama ta samu, suka yi tawaye, aka karkashe Tonawan da ke zaune a Salaga. Garin neman gira aka rasa ido: Kumasi ta daina aiko da goro, ciniki ya karkata Kintampo, daga baya Kete-Krachi. Ana cikin wannan jinya sai yaƙin basasa ya ɓarke a ƙarshen 1892, rikicin sarautar Kpembe tsakanin gidajen da ke karɓa-karɓa. Ɓangare ɗaya ya gayyato Dagomba da Nanumba, aka ci garin, malamai da attajirai suka watse. Da yawa daga tsoffin zangunan Ghana, a Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi har Akara, sun samu mutane daga wannan watsewar. A tsohon garin Akara har yau akwai kasuwa mai suna Salaga. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, malami kuma mawallafin waƙoƙi da Larabci da Hausa, wanda ya ƙarasa rayuwarsa yana limanci a Kete-Krachi ya rasu a 1934. Turawa ma sun ja garin tsakaninsu: a 1888 Ingila da Jamus suka ce yankin ba na kowa ba ne, a 1899 suka raba, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi hannun Jamus.

Na biyu shi ne teku da dogo. Da aka gane ana iya loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, tafiyar wata uku ta koma ta kwanaki. Alhassan Dantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, wanda gidansu gidan fataken Gwanja ne, yana cikin na farko-farkon da suka koma wannan hanya. Daga baya ma manoman ƙasar Yarabawa suka shuka irin goron, aka daina dogara da na nesa. Na uku kuwa ruwa ne. A zamanin Turawa babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga take bi, a yi fito a kogin Volta. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, kogin ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, mafitar ta yi nisa, babbar hanya ta koma yamma ta Kintampo da Buipe. Tun daga nan Salaga ta zama garin da sai mai niyya ke zuwa. Ni a ganina wannan ne ya sa ta riƙe abin da ta riƙe. Da tirela na ratsa ta dare da rana da tuni an shafe sauran alamun.

To me za ka gani?

Abu na farko da zai buge ka ba ido zai shiga ba, kunne ne. Za ka sauka a tasha, kilomita sama da dubu daga Kano, ka ji yara suna faɗa da Hausa. Garin na Gonjawa ne, akwai Dagomba da Konkomba da Nchumuru da Fulani da sauransu, amma Hausa ce harshen kasuwa da na unguwa. Hausarsu tana da nata launi: sau da yawa ba a raba namiji da mace, sai ka ji an ce "Hajiya ya fita", ga kalmomin Tonanci da Turanci sun shiga. Don Allah ka ja wa yara kunne tun daga gida kada su yi dariya, kai ma kada malantar ta motsa ka fara gyara wa mutane nahawu. Hausar da ta yi shekara ɗari biyu a baƙuwar ƙasa ba ta mutu ba, ai girmamawa ta cancanta. Ka saurari sunayen unguwanni kuma, irin su Unguwar Malam da Lampur, ka tambayi wa ya kafa kowace.

Sai rijiyoyi. Nan ne nake so ka ba da lokaci, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Salaga ba ta bakin kogi, kuma matafiyan da suka rubuta labarinta a ƙarni na 19 sun yi ta kukan ƙarancin ruwa, har sayar da shi ake yi. Garin da ke karɓar ayari bayan ayari, da mutane da dabbobi, dole ya haƙa. Za ka tarar da ramuka birjik a cikin jar marmara, kusa-kusa da juna, bakin wasu bai fi faifai ba, cikin kuwa ya buɗe kamar tulu. Wasu sun cike da ƙasa, wasu har gobe mata na jan ruwa a ciki suna wanki. Zuwana na biyu na durƙusa a bakin ɗaya na sa hannu, na ji inda igiya ta ci dutsen ta yi masa kwari-kwari, santsi kamar bakin turmi. Wata tsohuwa da ke shanya zannuwa a kan ciyawa ta dube ni ta ce, "Baƙo, ruwa kake nema ko tarihi?" Na ce tarihi. Ta ce to ka matsa, ni ruwa nake nema. Ka riƙe hannun ƙaramin yaronka a wurin nan, ciyawa tana rufe bakin wasu ramukan.

Sunan wurin shi ne zai tsayar maka da numfashi. Allunan Turanci suna rubuta shi iri-iri, a karkace, amma Bahaushe na jin an faɗa ya gane: Wankan Bayi. Nan ake kawo mutanen da aka kamo, bayan doguwar tafiya a ɗaure, a yi musu wanka, a shafe su da man kaɗe don su yi sheƙi, sannan a kai su kasuwa. Akwai kuma inda ake kira Rafin Angulu, inda ake yar da gawar waɗanda suka mutu kafin a sayar. Ba sai an fassara maka ba, ba sai an fassara wa 'yarka mai shekara 12 ba. A tsakiyar gari, gefen tashar mota, nan ce tsohuwar kasuwar. Kukar da ake ɗaure bayi a gindinta ta faɗi tuntuni, an dasa wata a madadinta, kuma a shekarun nan hukumar yawon buɗe ido ta Ghana ta gyara wurin da na rijiyoyin. A wasu gidaje ana ajiye da mari da sasari da tsoffin bindigogi da masu, gadon kakanni, in an yarda da kai a fito maka da su.

A nan zan faɗa maka abin da masu kai baƙi kan sassauta in sun ga Bahaushe. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, ba a raba su. Gwanja da Dagomba suna biyan Kumasi gandu da mutane duk shekara. Daga wajen 1860 zuwa ƙarshen ƙarnin, mayaƙan Zabarma ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu sun yi ta kai hari ƙasar Gurunshi, kuma da yawa daga waɗanda suka kama a Salaga aka sayar. Babatu ya ƙare a Yendi, kabarinsa yana can ana ziyarta. Fataken ƙasar Hausa ba 'yan kallo ba ne a wannan ciniki. Sun kawo, sun saya, sun ɗora wa bayi kayan goro zuwa gida. Sunayen wuraren da Hausa suke saboda masu harkar da Hausa suke magana. Ban ce kakanka ya yi ba, falke da yawa kanwarsa da jakinsa kawai ya sani. Amma za ka iya haɗuwa a wurin da baƙaƙen fata daga Amurka ko Jamaika, waɗanda kan taso tun daga kurkukun Cape Coast da Elmina suna bin sawun nasu kakannin, wasu suna kuka. Kada a yi hoton dariya a gindin kukar, kada a yi wasa da mari. Ka zauna da yaran tun a gida ka yi musu bayani daidai hankalinsu, kai malami ne, ka fi ni sanin yadda ake yi. Kuma a cikin gari kada ka tambayi kowa ko gidansu gidan bayi ne ko na iyayen giji. Jikokin duka biyun suna sahu ɗaya a masallaci, sun kuma san juna.

Kpembe tana nan kusa, tafiyar 'yan mintoci a babur. Can sarkin ƙasar yake, Kpembewura, ɗaya daga manyan sarakunan Gonja da ke ƙarƙashin Yagbonwura na Damongo. Tsarin tun asali haka yake: sarauta a Kpembe, kasuwa da malamai a Salaga, kamar yadda birni da zango suke a wurare da yawa. Ba dole ne baƙo ya je gaisuwa ba, amma wanda ya zo neman tarihin gidansu ya kamata ya je, ƙofofi sun fi buɗuwa bayan nan. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka fara da limamin unguwar da ka sauka ko sarkin zango, su haɗa ka da wanda zai shigar da kai. Ka riƙe goro na gaske, da ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan, wanda shi ma goro ake ce masa. A cire takalmi, a rusuna, magana ta bi ta bakin mai magana da yawun sarki ko da sarkin yana jin Hausa sarai. Za ka lura a kan fatu yake zaune. Sarakunan arewacin Ghana fata ce gadon sarautarsu, na Tonawa kujera. Kada a miƙa komai da hagu, kada a ɗauki hoto sai an nemi izini. Rikicin ƙabilanci na 1994 ya taɓa wannan yanki sosai, akwai waɗanda suka rasa 'yan'uwa, saboda haka maganar wa ya fi wa gaskiya ba ta baƙo ba ce.

Ranar kasuwa kuwa, kada ka ɗauka irin tamu ce ta Juma'ar Wudil ko Lahadin Dambatta. Kasuwanni da yawa a ƙasar Dagomba da kewaye kwana shida-shida suke ci, ranar tana zagayawa, wannan makon Talata, na gaba Litinin. Ka tambaya a tashar motar Salaga da ke Tamale, direbobi sun fi kowa sani, ka daidaita zuwanka ka kwana a garin daren jajibiri. Disamba lokacin doya ne, za ka ga tsibi-tsibi ana lodi zuwa kudu. Ka nemi wadda ake kira puna a dafa muku, ko a kirɓa sakwara. Bayan ita doyar da kake saya a 'Yankaba za ta ɗan sauka a idonka. Akwai busasshen kifi daga tafki, da man kaɗe, da dawa, da shanu, da rigunan saƙi masu faɗin gindi da ake kira fugu. Abinci ba zai ba iyali wahala ba, kusan duk sunayen namu ne: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da suke kira wace, tuwon zafi da miyar ayoyo, fura, tsire da daddare.

Maganar hanya a taƙaice. Da iyali, jirgin sama zuwa Akara ya fi, ta Legas ko Abuja, daga nan jirgin cikin gida zuwa Tamale, kamar awa guda. In aljihu bai kai ba, akwai manyan motoci daga Legas ta Seme da Kwatano da Lome zuwa Aflao, iyaka uku ke nan, kowace da nata jira. Sannan daga Akara zuwa Tamale kilomita 600 ne da ɗoriya, yini guda cur ko kwana. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso ta fi kusa a taswira, ta kuma fi kama da ta kakanka, amma da halin tsaron da ake ciki ba zan ce ka bi ta da yara ba. Daga Tamale zuwa Salaga kamar kilomita 120 ne. Ku tashi da safe, kada dare ya yi muku a hanya, in da hali ku ɗauki shatar ƙaramar mota. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza saboda ECOWAS, amma kowa da fasfonsa har yara, da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya. Ka canji sidi, kuɗin Ghana, a Akara ko Tamale, ka riƙe ƙananan takardu.

Akwai hanya ta biyu da na fi so, amma ba kowa zan ba ta ba: daga Kumasi ta Atebubu zuwa Yeji, a hau babban jirgin fito zuwa Makango, daga nan Salaga ba nisa. Ita ce hanyar da goron ke bi, kuma ganin tafkin da hantsi abin tunawa ne. Sai dai jirgin ba ya bin agogonka, kana iya yini a bakin ruwa. In ya ƙi tashi, masu kwale-kwalen katako za su zo suna lallashinka. Kada ka shiga da yara, ko kyauta ne. Ana cika su fiye da kima, kuma a ƙarƙashin ruwan akwai kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, su ne sanadin haɗurra da dama.

Kwana nawa? Biyu a Salaga, uku in ka dace da dattijon da ya san gidanku. Fiye da haka yara za su gaji, uwargida kuma za ta fara kallonka. Masauki na talaka ne, ɗaki da fanka, wani da na'urar sanyaya ɗaki. Kafin ka biya ka shiga banɗaki ka murɗa famfo. Na taɓa biyan kuɗin kwana biyu a wani gidan baƙi saboda fentinsa ya burge ni, da daddare na tarar ko ɗigo babu, sai da asuba wani yaro ya kawo bokiti ɗaya, mu huɗu. Garin rijiya dubu har yanzu bai gama da matsalar ruwa ba, musamman da rani. Ku sha na leda ko na gora, ku tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi, da rigunan sanyi da man shafawa, don hunturun can ɗan'uwan na Kano ne, sai dai bai kai shi cizo ba. Disamba ta yi daidai. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, damina kuma hanya ce ke ɓaci. Da hutunka zai faɗo a watan Maulidi da na ce ka nufi bikin Damba, da kiɗa da dawaki da rawar sarakuna.

Sauran kwanakin ka biya yaran hakkinsu. Ku koma Tamale ku nufi yamma zuwa gandun dajin Mole, inda ake ganin giwaye a bakin ruwa da rani, a ƙafa tare da ma'aikacin daji. A bakin hanyarsa akwai Larabanga da tsohon masallacinta na ƙasa, fari da sanduna a jiki, wanda zai ba ka hoton da Salaga ta hana ka. Duka cikin ƙasar Gonja ne, ba ka fita daga labarin ba.

Aikin da ya fi duk wannan muhimmanci kuwa a Kano za ka yi shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane falke yana da maigidansa a Salaga, fatoman da yake sauka wurinsa, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya ci la'ada. Zumuncin nan kan bi gida da gida har jikoki, kuma da sunan maigida ake gane baƙo, ba da sunan baƙon ba. Ka je wurin mafi tsufa a danginku, mace ta fi, su ke riƙe irin wannan. Ka tambaye ta cikakken sunan kakan da laƙabinsa na fatauci, wane madugu yake bi, Agalawa ne ku ko Tokarawa, daga wane gari aka taso kafin Kano, ko ya yi aure a can, ko akwai ɗan'uwan da ya tafi bai dawo ba. Ka ɗauki muryarta a waya in ta yarda. In ka isa, bayan sallar la'asar ka zauna da dattawan Unguwar Malam, ka ajiye goronka a gabansu, a gaisa a tambayi hanya da mutanen gida, sai an ce "me ke tafe da kai" sannan ka kunna musu.